Gishirin Hanya

A wata gona bayan Dolgellau na same ta,
koriya, ta koɗe, tsaye gefen rumfar ciyawa.
Shekarunta ashirin da uku; ta girmi aurena.
Dilwyn Pugh ya buɗe ƙofa,
warin tumaki ya riga shi gaishe ni.
Na zagaya ta sau biyu, na shuri taya
don na ga haka ake yi.
Ban san me ƙafata take tambaya ba.

Fam dubu biyu da ɗari uku,
gumin kwanan aiki na wata huɗu.
Ya ƙirga, ya mayar min da goma,
wai kuɗin sa'a ne.
Ashe nan ma ana gyara wa mai saye mudu.

Sandunan giya biyu na tarar a ciki.
Babbar na sani.
Ƙaramar kuwa, wadda ke tashin ƙafafu huɗu,
wata guda muka yi muna kallon kallo.

Da dare na kira Kawu Sallau a Panteka,
na ɗora waya kan bonet.
Ya ce, “Taka.” Na taka.
Ya yi shiru, irin na mai sauraron ƙirjin jariri.
“Injin nan,” in ji shi, “shi zai binne ka.”
Bai yi ƙarya ba.
Amma kunne ba ya jin tsatsa,
kuma a garinmu gishiri na miya ne,
nan hanya ake barbaɗa wa.

Ranar gwajin shekara
Nerys ta shiga ƙarƙashi da ƙaramar guduma.
Ƙwas. Ƙwas. Sai wani sauti kamar an taka busasshen ƙwarya.
Ta fito da jan gari cike da tafi,
kamar dakakken barkono,
ta ce, “Ga wani yanki na motarka.”
Walda ta cinye kuɗin sa'ar sau arba'in.

Daga nan na fara ƙaramin karatu.
Sifana mai lamba sha bakwai.
Inda ake ɗura giris, wuri shida, na bakwai ya ɓuya.
Ranar da na fara juye baƙin mai da kaina
na manta wani ɗan zobe da bai kai kwabo ba;
har yau taswirarsa na nan a dandamalin mai gida,
muna gaisawa da shi, idonmu a sama.

Aikina kula da tsofaffi ne, gida gida, kan tsaunuka.
Na iya juya jiki a hankali,
in duba diddige, in duba gadon baya,
inda gyambo ke farawa ba ya sallama.
Wata Asabar, kwance kan kwali da tocila a baki,
ina wanke mata laka daga ciki,
na gane hannuna ya daɗe da sanin wannan aiki.

Sai Janairu.
Dusar ƙanƙara ta shafe hanyar gidan Eirlys,
ga allurarta ƙarfe bakwai.
Na tsaya gindin tudu. Na yi bisimilla.
Na kama ƙaramar sanda, ta ƙi,
na ɗan ja baya yadda Nerys ta nuna,
ta faɗa da wani ƙaras.
Ba gudu. Tafiyar raƙumi mai kaya,
kowace ƙafa tana neman ƙasa da kanta,
katangar duwatsu na wucewa ɗaya ɗaya.

Eirlys na bakin taga da bargo.
Ta ce tun daga gada ta gane muryar,
ta zaci Dilwyn ne ya kawo ciyawa.

Har yanzu tana ɗiga.
Kowace safiya nakan jawo kwalin ƙarƙashinta
in karanta, kafin in sha shayi:
baƙi, na sani;
ja, zan tambaya.